Takalman Orval a Ƙofar Kunkuru

Verna Tollefson 'yar manoman alkama ce. A arewacin Dakota aka haife ta, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, har mutum yakan hango baƙonsa tun daga nesa, ya ɗora tukunya, ruwa ya tafasa kafin baƙon ya yi sallama. Tun tana ƙarama aka san ta da tambaya. Ita ce yarinyar da ta kwance agogon bangon mahaifinta don ta ga abin da yake ƙara a ciki. Ta mayar da shi yadda ta iya, ƙusa biyu suka yi saura a kan tebur, agogon kuwa ya ci gaba da tafiyarsa har tsohon ya rasu. Yayarta Ardis takan ce, "Wannan ko sama aka kai ta, sai ta tambayi mala'iku wa yake yi musu wanki."

Ta yi aikin dafa abinci a makarantar garinsu har kanta ya yi fari. Mijinta Orval mutum ne mai tsadar magana. Tarakta ta taɓa danne masa ƙafar hagu yana saurayi, ƙafar ta warke a gajarce, saboda haka duk takalmin da ya saya sai an kai wa baduku ya ƙara wa na hagu tudu a ƙasa. In yana tahowa a kan dakalin katako, ko ba a duba ba an san shi ne: sawu ɗaya a hankali, ɗayan kamar an ajiye guduma.

Allah bai ba su haihuwa ba. Da ƙarfi ya fara ja baya suka yi abin da tsofaffin wajen suka saba yi, suka sayar da gona da gida, suka sayi mota mai ɗaki, da gadonta da murhunta da makewayinta. Orval ya raɗa mata suna Kunkuru, don tana ɗauke da gidanta kuma ba ta san sauri ba. In sanyi ya kawo kai su gangara hamadar Arizona, inda irinsu sukan yi sansani, kowa da kujerarsa a gindin motarsa. In zafi ya tsananta su hauro arewa. Haka suka zama kamar shamuwa, ba a tambayarsu gida sai dai a tambaye su lokaci.

A cikin mutanen nan ba a tambayar mutum ko yana da bindiga a mota, kamar yadda ba a tambayarsa ko yana da gishiri. Sukan kwana a inda in ka kira ɗan sanda sai ka gama karin kumallo bai iso ba. Orval yana da wata ƙaramar bindiga, libarba, da ya gada wurin mahaifinsa, naɗe cikin tsohuwar riga, a kabad ɗin da ke bisa gado. Ya koya wa Verna harbin gwangwani a bayan tudu, ko da yake tambayoyin da ta yi masa sun fi harsasan da ta harba yawa. Tana ganin ta san kowane lungu na Kunkuru. Abu ɗaya ne ta tambaya ba a gamsar da ita ba, wato tsofaffin takalman aikinsa na fata, masu dogon wuya, waɗanda ya daina sawa amma ya bar su a tsaye daga cikin ƙofa, cushe da safa.

"Orval, waɗannan kam ba za mu ba mabukata ba? Kullum sai na yi tuntuɓe da su."

"Bar su. Suna da aikinsu."

Iyakar abin da ya ce ke nan, shi kuwa in ya rufe baki ko maƙera ba sa buɗe shi.

Wata safiya a hamada ya zauna a kujerarsa da kofinsa a hannu, bai tashi ba. Bayan jana'iza kowa ya ɗauka Verna za ta sayar da motar ta kama ɗaki a gari. Ita kuwa ta ja kujerar direba gaba, ta sa matashi a bayanta, ta koyi ja da baya a filin coci. Matan sansanin da suka riga ta rasa mazajensu suka koya mata dabararsu: duk inda mace ta tsaya ita kaɗai, ta fitar da kujera biyu, ta kuma ajiye manyan takalman namiji a bakin ƙofa daga waje. Mai mugun nufi in ya ga takalmi kamar kwalekwale, sai ya tuna yana da wani uzuri a gaba. Ran nan Verna ta ce a ranta, ashe ga aikin da Orval yake nufi.

Tun daga nan, da ta kashe mota, abin da take fara yi ke nan. Ta kama takalman ta wuya, ta dire su a waje, da safe ta mayar da su. Ba ta taɓa sa hannu a ciki ba. Hamada da kunamunta takan hana mutum cusa hannu cikin takalmi, kuma ba ta jin zuciyarta za ta ɗauki taɓa gurbin ƙafarsa. Na hagu ya fi nauyi, amma ai dama can haka yake.

Hunturu biyu ta yi a haka, sai Ardis ta bugo waya daga Alaska, inda aure ya kai ta tun suna 'yan mata. Zuciyarta ta gaji. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce kada ta sa rai da wani lokacin sanyin.

"Ba na son kuka," in ji Ardis. "Wainar dankali irin ta Inna nake so, kuma duk garin nan ba mai iya ta."

"Ga ni nan zuwa, Yaya. A tsakar gidanki zan kafa Kunkuru, sai kin kore ni."

Jirgin ruwan da ke ɗaukar motoci ya riga ya cika tun farkon bazara. Saura hanyar ƙasa, ita kuwa dole ta ratsa Kanada, inda ba a shiga da ƙaramar bindiga don tsaron kai, ko ta kakan wa ce. Masu wannan tafiya sun san yadda ake yi. Akwai masu kantin bindiga a garuruwan da ke kusa da iyaka, sukan karɓi ajiya, in ka dawo da kaka ka ɗauki abarka.

Verna ta bi ayarin maƙwabtanta na sansani, Delbert Pruitt da matarsa Maxine, mutanen Oklahoma, waɗanda za su kamun kifi. Delbert ya bar nasa bindigogin wurin ɗansa, kuma tun daga Arizona yake mita.

"Ni fa ji nake kamar na fito ba wando," in ji shi, duk inda suka tsaya shan mai.

"Rufe mana baki, jarumi," in ji Maxine. "Tun da na aure ka, abin da ka taɓa harbewa ɗaya ne, tankin ruwan motarmu."

"Motsi na ji!"

"Ruwa ne yake motsi, maigida. Haka Allah ya halicce shi."

A wani ɗan gari a arewacin Montana suka tsaya, da hantsi, a filin da ke bayan kantin wani mutum mai suna Harlan. Verna ta kashe mota, ta dire takalman a waje kamar kullum, sa'an nan ta ɗauko libarbar cikin rigarta, ta haɗa da gwangwanin kofin da Orval yake tara harsasai a ciki.

"Sannu da hanya, Mama," in ji Harlan. "Alaska ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Duk wanda ya shigo nan rungume da tsumma kamar za shi jana'iza, Alaska za shi."

Ya buɗe bindigar, ya zare abin da ke ciki, ya yaba yadda aka kula da ita. Sa'an nan ya juye gwangwanin a kan kanta, yana rarraba harsasan da ɗan yatsa. Can ƙasa sai ga wani ɗan kwali ya faɗo. Harlan ya buɗe shi, ya dubi Verna ta saman tabarau.

"Mama, waɗannan manyan na wannan ce. Ƙananan nan kuwa 'ya'yan wata ne. Ina uwarsu?"

"Bindiga ɗaya Orval yake da ita."

"Ban ƙaryata marigayi ba. Amma ba mai sayen abincin kyanwa in ba shi da kyanwa. Kuma duba, kwalin ya yi giɓi. Duk inda take, da ciki take."

Verna ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannunta. Bai kai kan ɗan yatsanta ba. Harlan ya yi mata bayani dalla-dalla, don ya ga irin haka ba sau ɗaya ba. A kan iyaka ma'aikata za su tambaye ta ko akwai bindiga a motar. In ta ce babu, suka bincika suka samu, to ankwa ce, a riƙe motar, a kuma hana ta sake taka ƙasarsu. In ta ce ba ta sani ba, mafi sauƙin abin da zai same ta shi ne a juyo da ita. Ya ce bara ma wani dattijon coci ya manta da tasa a ƙarƙashin katifa, har yanzu yana zuwa kotu.

"Mutanenmu ba mugunta ke kai su ba," in ji Harlan. "Motar ce ta zama gida. Wa yake tuna duk abin da ke gidansa?"

Delbert, wanda ya shigo yana shafa bindigogin bango da ido, ya matso ya rage murya. "'Yar uwa, ki ce babu kawai. Wa zai tsaya binciken tsohuwa mai tabarau da kwandon saƙa?"

"Ban taɓa yi wa hukumar ƙasata ƙarya ba, Delbert, ba zan fara da ta maƙwabta ba. In aka juyo da ni, wa zai kai wa Ardis labari? Kai?"

Wannan shi ne dalilin da ta faɗa, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani a ƙarƙashinsa yana yi mata susa. A ɗakin da bai fi rumbu ba, wanda take sharewa kowace safiya, ina Orval ya sami wurin ɓoye mata abu shekara da shekaru?

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ran nan sai da aka fafe. Suka shimfiɗa tamfol a filin, suka shiga kwashe Kunkuru. Tukwane, barguna, gwangwanayen wake, injin ɗinki, littattafan waƙoƙin coci, duk aka jera su a rana. Maxine ta ɗauki kicin, Delbert ya kwanta a ƙarƙashin mota yana nishi, Verna ta bi bango da ƙwanƙwasa tana sauraron inda yake da rami. Masu wucewa suka ɗauka gwanjo ake yi, har wata mata ta taya injin ɗinkin.

Abin da suka tono ya isa a yi wa marigayi shari'a. A cikin tayar safaya Delbert ya sami jakar alewa, ga mutumin da likita ya hana shan zaƙi. A bayan kujerar direba aka sami na'urar ƙara ji ta kunnensa, wadda ya rantse ta faɗa kogi.

"Ashe ba kurma ba ne, hutu yake yi," in ji Maxine.

A ƙarƙashin tankin ruwa kuma sai ga rigar sanyin nan mai ruwan ɗorawa da Ardis ta saƙa masa, wadda ya ce an sace a gidan wanki. Verna ta ɗaga ta sama tana dubawa, ta rasa ko dariya za ta yi ko faɗa, ga shi wanda za a yi wa faɗan ba ya nan. Kowane lungu da ta buɗe sai ta ga ashe akwai wani Orval da ba ta gama sani ba, ɗan ƙarami, mai kwaɗayi, mai wayon yara. Bindiga dai shiru.

Da rana ta karkata, ba abin da ya rage a motar sai ƙarfe da katako. Delbert ya fito duk baƙin mai, ya zauna a ƙasa.

"Wataƙila ya sayar da ita tuntuni," in ji shi.

"Orval bai taɓa sayar da ko ƙusa ba," in ji Verna. "Ga shaida nan a gabanka, a kan tamfol."

Ta zauna a kan matakin ƙofa, gwiwoyinta suna zafi. In ba a samu ba, ba za ta iya duban ma'aikacin iyaka ta ce masa babu ba, in kuwa ba ta faɗa ba, ba Alaska. Ta tuna muryar Ardis a waya, yadda take tsayawa ta ja numfashi a tsakiyar magana. Ta sunkuyar da kai, sai idonta ya sauka a kan takalman.

Suna nan a inda ta dire su tun da hantsi, kafin a fara komai. Yini guda mutum uku suna tsallake su, shiga da fita. An bincike duk abin da ke cikin gida, su kuwa a waje suke, don wurinsu ke nan.

"Suna da aikinsu," ta ce a hankali.

"Me kika ce?" in ji Maxine.

Verna ta sunkuya kan takalman. Ta ɗauki na dama a hannu ɗaya, na hagu a ɗayan, ta auna su kamar mai sayen kabewa. Shekaru nawa ta yi tana kai takalman Orval wurin baduku tana karɓowa? Na hagu yakan fi nauyi, amma ba haka ba. Ta karkata shi a kan tamfol a hankali, bakinsa yana duban fili, ta jawo safa ta farko, ta jawo ta biyu. Ta uku ta ƙi fitowa da sauƙi, da ta fito kuwa sai ta zame ƙasa da nauyinta.

"Kada kowa ya taɓa!" in ji Maxine. "Musamman kai, Delbert. Je ka kira mai kanti."

Harlan ya zo ya warware safar. 'Yar bindiga ce baƙa, ba ta fi tafin hannu ba. Ya zare harsasanta ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihun rigarsa, ya yi ajiyar zuciya.

Delbert ya fara da murmushi, ya koma tari, daga nan ya kwanta a ciyawa yana riƙe ciki. "Wayyo Allah! Hunturu biyu! Kullum ki fitar wa ɓarawo da bindiga cike da harsashi, ki ajiye masa a bakin ƙofa, ke kuma ki shiga ki sa sakata! Kai, mutanen Dakota akwai karamci!"

"Aƙalla ita ba ta harbi tankinta ba," in ji Maxine, amma ita ma tana share hawayen dariya.

Verna ba ta ji haushi ba, lissafi take yi. Orval ba ya iya sauri sai da takalmi, saboda haka duk abin da ya tashe shi, ƙofa zai fara nufa. Ya ajiye abin a inda hannunsa zai fara kaiwa. Wannan ta gane. Abin da ba ta gane ba shi ne dalilin da ya hana shi gaya mata. Ta bugo wa Ardis ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, har da rigar mai ruwan ɗorawa.

Ardis ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Ke ma kin sani, ƙanwata. Da ya gaya miki, da kin kwance ta don ki ga abin da ke ciki, ki bar ƙusa biyu a kan tebur. Ki taho mini da rigata, ni ina sonta."

Kafin su fara mayar da kaya, Verna ta ɗauki takalmin dama, ta sa hannu a ciki har wuyan hannu. Fatar ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama. Ta daɗe a haka. Maxine ta ja mijinta suka shiga naɗe barguna.

Ta bar bindigogin biyu a wurin Harlan. Da ya miƙa hannu zai karɓi libarbar, sai da ta ɗan riƙe ta kafin ta saki, don tun ranar da suka bar gona ba ta taɓa kwana ba sai tana nan a bisa kanta. Ya ba ta gwangwanin barkonon feshi irin na korar beyar, ƙaton naman dajin nan mai kai wa mutane hari, ya ce wannan an yarda a shiga da shi in ta faɗa. Ta tsare shi da tambaya a kan yadda ake haɗa shi, har ya ce, "Mama, don Allah wannan kam kada ki kwance."

Washegari da safe suka isa iyaka. Wata budurwa ce cikin kayan aiki ta leƙo tagar.

"Ina zuwa, Mama?"

"Alaska, wurin yayata. Ba ta da lafiya."

"Akwai bindiga a motar?"

"Jiya akwai biyu, ɗaya ma ban san da ita ba. Yau ba ko ɗaya. Sai barkonon beyar, ga shi."

Budurwar ta ɗaga gira. Ta ce a ja gefe, ta shiga Kunkuru ta buɗe kabad-kabad, ta ɗaga katifa, ta haska ƙarƙashin kujeru. Verna tana tsaye a waje hankalinta kwance, don ba lungun da bai sha rana jiya ba. Da budurwar za ta fito sai ta yi tuntuɓe da takalman.

"Maigidan fa?"

"Ya riga ni gaba. Takalman ne suka rage."

Budurwar ta ɗaga na hagu, ta haska ciki, ta mayar da shi kusa da ɗan'uwansa, ta daidaita su. "Allah ya ba yayarki lafiya. Ki kula da hanya, akwai gyara a gaba."

A zangon farko bayan iyaka, a gefen wani tafki, Verna ta fitar da kujeru biyu ta dire takalman. Iska ta taso daga ruwa ta kayar da na hagu, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta tsinci dutse mai santsi daidai tafin hannu, ta naɗe shi a safa, ta cusa a ciki, takalmin ya tsaya.

Hanya ta yi tsawo, Kunkuru kuwa ba ta sake hali ba. Ranar da ta shiga tsakar gidan Ardis, yayar tana zaune a baranda cikin bargo, ta rame har Verna ta ji gabanta ya faɗi, amma idonta yana nan da kaifinsa. Ta zuba ido ƙanwarta ta kashe mota, ta buɗe ƙofa, ta dire takalman a ƙasa kafin ma ta yi gaisuwa.

"A gidana ma sai kin sa mai gadi?" in ji Ardis.

"Sabo ne, Yaya."

"Me ke cikinsu yanzu?"

"Dutse."

"To, bar shi ya yi gadinsa. Dankali yana nan a kwando tun shekaranjiya. Kawo mini rigata, ki sa ruwa a wuta."